Karimatu Ta Zaɓi Legas

Ni da Karimatu benci ɗaya muka zauna tun daga ajin farko na firamare a Toranke har muka gama sakandaren 'yan mata a Gaya. Abin da zan faɗa game da ita, wani na gani da idona, wanda ban gani ba kuma ita ta ba ni labarinsa da bakinta.

Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, shi ya sa a gidansu ba mai kiranta Karimatu, Ummi suke ce mata. Mahaifinta, Malam Ɗahiru, ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Ajingi, amma bai taɓa sakin fartanya ba. Gero da dawa da gyaɗa yake nomawa a gonar gado, kuma ko lokacin da yake aiki, sai ya leƙa gona kafin ya hau kekensa. Mutum ne marar gaggawa. Idan ka kawo masa magana sai ya ce, "To, bari ta kwana." Mahaifiyarta kuwa, Inna Hure, ba ta ajiye magana a ciki. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ranar kasuwar Ajingi a kai mata.

Tun muna yara Karimatu ba ta da ƙyanƙyami kuma ba ta da tsoron jini. Ranar da wata 'yar ajinmu ta taka fasasshiyar kwalba, duk muka watse muna ihu, ita ce ta cire ɗankwalinta ta ɗaure ƙafar, ta riƙe yarinyar har malami ya zo. Da muka gama sakandare ni na shiga kwalejin ilimi, ita kuma ta samu makarantar koyon aikin ungozoma a Kano. Ta yi shekara uku ta fito da sakamako mai kyau, ta dawo gida tana da shekara ashirin da uku.

Shekara guda ta yi tana aikin sa-kai a ƙaramin asibitin garinmu, tana jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata. Ba a buɗe ba. Akwai ungozoma biyu a wurin da suka daɗe suna aiki, kuma sun ishi wurin. Ranar da ba mai naƙuda, sai ta wuni tana naɗe auduga. A nan ta fara tunanin fita birni.

Wurare uku ne a gabanta. Na farko Kano, inda wani asibiti mai zaman kansa da ta yi aikin gwaji a cikinsa ya ce ta zo duk ranar da ta shirya, kuma akwai dangin mahaifiyarta a garin. Na biyu Abuja, inda yayanta Muhammad Bashir yake tuƙa motar wani kamfanin gine-gine, yana zaune da matarsa a Mararaba. Na uku Legas, inda ƙanwar mahaifinta, Goggo Indo, ta yi shekara goma sha takwas a Agege tana sayar da abinci, mijinta kuma yana kasuwancin shanu. Duk inda za ta, akwai gidan da za ta zauna a hannun nata. Wannan shi ne sharaɗin farko da mahaifinta ya kafa.

Inna Hure ba ta ga abin tunani a ciki ba. "Kano mana," in ji ta. "Ki hau mota a Ajingi da safe, kafin azahar kin sauka. Ran Juma'a ki zo ki kwana ki koma. Me za ki nema a wata uwa duniya?"

Malam Ɗahiru ya bar maganar ta kwana har kwana uku. A na huɗu, bayan sallar la'asar, ya kira ta ƙofar turakarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ummi, Kano kin san ta, kin zauna a cikinta shekara uku," ya ce. "Abuja da Ikko kuwa ji kike yi. Ni ma ji nake yi. Ba na so ki zaɓi gari saboda hoton da kika gani a waya, ba na kuma so ki ƙi gari saboda abin da mutane ke faɗa. An gama cire gyaɗa, aiki ya yi sauƙi. Ki je wurin yayanki ki yi sati uku, ki wuce wurin Indo ki yi sati uku. In kin dawo sai mu yi magana."

"Baba, in na dawo na ce wani wuri ban da Kano fa?"

"Sai ki faɗa mini dalili. In dalilin ya tsaya da ƙafarsa, ba zan ture shi ba."

Ni na raka ta tashar Ajingi. Jaka ɗaya ta ɗauka, a ciki har da takardunta da abin awon jininta, wanda ba ta rabuwa da shi.

Abuja ta burge ta, wannan ba ta ɓoye ba. Ta ce ranar farko da Yaya Bashir ya zaga da ita cikin gari, bakinta a buɗe ya wuni: tituna masu faɗi, ga duwatsu, ga bishiyoyi a jere kamar an auna da igiya. Ta kai takardunta asibitoci huɗu. A ɗaya daga ciki aka yi mata tambayoyi, aka sa ta gwada yadda ake auna kwanciyar jariri a jikin 'yar tsana, aka ce za a neme ta. Asibitin tsaf yake, ko'ina sanyin na'ura, kayan aikin da sai a littafi ta taɓa ganinsu ga su nan a ajiye.

Abin da ya dame ta hanya ce. Daga Mararaba zuwa cikin gari ba wani nisa ba ne, amma sai an fita da an sallame sallar asuba, a tsaya a cunkoson motoci awa biyu, da yamma ma haka. Yaya Bashir yakan dawo a gajiye, ko hira ba ya iya yi. Matarsa kuma ta ce shekararta biyu a gidan, ba ta san sunan matar da ke ɗakin da ke kallon nasu ba.

"Garin yana da kyau, Hussaina," Karimatu ta ce da ni a waya, "amma kowa kamar baƙo yake, kowa jira yake ya gama abin da ya kawo shi ya tafi."

Duk da haka, da ta hau motar Legas zuciyarta ta fi karkata ga Abuja. Ta ce ta tafi ne kawai don ta cika umarnin Baba, ta kuma ga Goggo.

Satin farko a Agege ta tsani garin. Ruwan sama bai ɗauke ba, zufa ba ta bushewa a jiki, ƙarar janareta da hon ɗin motoci ba sa tsayawa. Kowa da gudu yake tafiya, kwandastoci suna rataye a ƙofar motoci masu ruwan ɗorawa suna ihun sunayen unguwannin da ba ta iya maimaitawa. Gidan da Goggo Indo take haya dogo ne, ɗakuna a jere hagu da dama, iyali goma sha ɗaya a ciki, Hausawa da Yarabawa da wasu mutanen Nijar. Goggo ta lura da fuskarta, ta yi dariya.

"Haka na yi nima. Wata shida ina kuka ina cewa a mai da ni Toranke. Ki ci burodi da wake ki huta, garin ba ya nuna fuskarsa ga mai sauri."

A rana ta tara, Karimatu na zaune a tsakar gida tana taya Goggo yankan albasa, sai wata matashiyar mata ta fito daga ɗakin ƙarshe da bokiti. Sunanta Zulfa, daga wani ƙauye a Jigawa mijinta ya kawo ta, cikin fari ne da ita, ya kai wata takwas. Karimatu ta kalli ƙafafunta ta ga sun kumbura har silifa ba ya shiga, fuskar ma ta yi suntum.

"Sannu, 'yar'uwa. Kina zuwa awo kuwa?"

"Ina zuwa," in ji Zulfa.

"Me suka ce miki?"

"Ai ba na jin abin da suke faɗa. In sun yi magana sai in ce to."

"Kanki yana ciwo?"

Zulfa ta ce kwana huɗu ke nan kanta kamar zai rabe, kuma tun jiya tana ganin wasu abubuwa suna walƙiya a idonta. Ta ɗauka ko rashin barci ne. Karimatu ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta ɗauko abin awon jini. Ta auna sau biyu don ta tabbatar. Jinin ya hau sosai, irin hawan da kan kawo jijjiga ga mai ciki.

Ba ta tayar wa kowa da hankali ba. Ta ce da Goggo a kira mijin a waya, ta ce da Zulfa ta sako hijabinta ta ɗauko katin awo. Suka hau keke mai ƙafa uku zuwa wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan layin dogo, inda Zulfa ke zuwa awo.

Babbar nas ɗin wurin wata Bayarabiya ce mai suna Folake, dattijuwa mai furfura da tabarau. Karimatu ta yi mata bayani da Turanci, ta faɗi abin da ta auna da alamun da ta gani. Nan da nan aka kwantar da Zulfa, aka yi mata allura, aka kira likita. Karimatu ta tsaya a gefen gadon, nas ta tambaya ita ta fassara, Zulfa ta amsa ita ta mayar. Da mijin ya iso a firgice, ita ta zaunar da shi ta yi masa bayani da Hausa har ya yarda ya sa hannu a tura matarsa babban asibiti. Bayan kwana biyu aka ciro jaririya, ƙarama amma da ranta da lafiyarta, uwar ma ta tashi.

Da Karimatu ta koma ƙaramin asibitin don ɗauko katin Zulfa da aka manta, Nas Folake ta riƙe hannunta ta zaunar da ita. Ta ce rabin matan da ke zuwa wurinta mutanen Arewa ne. Tana tambayarsu inda ke musu ciwo, su sunkuyar da kai su ce lafiya lau. Wasu sukan zo da mazajensu su yi tafinta, amma akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban mijinta ba, balle ta bakinsa. Wasu kuma ba sa zuwa sam sai abu ya ɓaci. Ta ce shekara da shekaru tana neman ungozoma mai takarda da ke jin Hausa, duk wadda ta samu ba ta daɗewa. Ta tambaye ta ko za ta zauna.

Karimatu ta ce ita baƙuwa ce, sauran kwana goma ta koma gida.

Amma labari ya riga ya zaga unguwa cewa Goggo Indo ta yi baƙuwa likita 'yar Kano. Washegari da hantsi mata uku suka yi sallama, kowacce da cikinta. A rana ta biyu suka zama bakwai. Tabarma Goggo ta shimfiɗa musu a ƙofar ɗaki, Karimatu tana auna su ɗaya bayan ɗaya, tana duba idonsu da tafin hannunsu, tana karanta musu abin da aka rubuta a katinsu. Wata ta kawo maganin da aka ba ta wata biyu da suka wuce, ko ɓallewa ba ta yi ba, don ba ta san na mene ne ba. Na ƙarin jini ne. Wata kuma tambayoyi ta zo da su da ta ce tun haihuwarta ta fari suke cinta, ba ta samu wanda za ta yi wa ba. Wadda Karimatu ta ga tana buƙatar asibiti, da ƙafarta take raka ta wurin Nas Folake.

Ana cikin haka asibitin Abuja suka kira ta suka ce ta samu aiki. Ta yi godiya, ta roƙi a ba ta sati biyu.

Ta dawo Toranke ta rame kaɗan, ta yi duhu. Ta huta kwana biyu, sannan mahaifinta ya kira ta, wannan karon har da Inna Hure a zaune. Ni ma ina gidan, na je yi mata sannu da zuwa, na tashi zan fita Malam ya ce in zauna, ai ni 'yar gida ce.

"To, Ummi, me kika gani?"

Ta ba su labarin Abuja da aikin da ta samu. Ta ba su labarin Agege, ba ta rage zafin garin ko ƙazantar kwatocinsa ba. Sannan ta ce, "Baba, a Kano irina muna da yawa, 'yan ajinmu kaɗai mun fi arba'in. A Abuja in ban je ba, gobe za su ɗauki wata, ba abin da zai ragu. A Agege kuwa na ga matan da ke shiga asibiti su fito ba wanda ya ji abin da ke damunsu. Can nake so in je, in kun amince."

Inna Hure ta tafa hannu. "Ikon Allah! Mu nan Toranke ba mata ba ne? Mu ba ma haihuwa? Sai na Ikko ne masu ciki?"

Karimatu ta sunkuyar da kai. Daga baya ta ce mini wannan tambayar ta fi komai yi mata nauyi, don akwai gaskiya a cikinta. A hankali ta ce, "Inna, a nan duk wadda ta je asibiti za ta faɗi ciwonta a ji. Na zauna shekara guda, kin gani, ba gurbi. Da akwai, da ban ɗaga ƙafa ba."

"In na kwanta ciwo fa? Kwana za ki yi a hanya kafin ki iso."

"Haka ne, Inna."

Malam Ɗahiru ya ce a bar maganar ta kwana. A cikin kwanakin ya kira ƙanwarsa suka daɗe suna magana, ya kira mijinta, ya sa Yaya Bashir ya yi magana da Nas Folake ya ji yadda aikin yake da lokutan tashi. Ya ce da Karimatu ta yi istihara. Inna Hure kuwa kwana biyar ba ta ce uffan a kan zancen ba, abin da ba halinta ba ne. A rana ta shida Goggo Indo ta kira, ta ce ga mai son gaishe da mahaifiyar likita. Zulfa ce. Ban san abin da ta faɗa ba, na dai ga Inna ta riƙe wayar da hannu biyu tana cewa, "Allah ya raya, Allah ya raya. A'a, ba komai, yi wa kai ne." Da ta ajiye, ta shiga ɗaki ta jima. Da ta fito sai ta ce da Karimatu, "Sai ki riƙa kira kullum. Ba saƙo ba, kira, in ji muryarki."

A farkon shekarar 2021 ta koma Legas. Watannin farko sun yi mata wuya. Zazzaɓi ya kwantar da ita sau biyu, an taɓa zare mata waya a cikin mota, kuma ta ce akwai ranakun da in ta ji ƙamshin miyar kuka daga ɗakin wata sai hawaye ya zo mata. Nas Folake mace ce mai faɗa a kan aiki, ba ta yarda da latti ko na minti biyar, amma ita ta koya mata abubuwa da yawa da makaranta ba ta koya mata ba. Karimatu ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta kalmomin Yarabanci, kullum biyar. Cikin shekara guda ta fara karɓar haihuwar matan Yarabawa da harshensu, suna yi mata dariyar yadda take karya shi. Ita kuma ta koya wa sauran nas-nas ɗin yadda ake cewa "ina ke miki ciwo" da "yunƙura" da "sannu". Ranar Talata aka ware don awon matan da ba sa jin Turanci, kuma yanzu sai an ƙaro benci daga waje.

A shekara ta uku ta yi aure. Mijin, Abdulmumin, ɗan Kademi ne, yana gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki a Ikeja. Ƙanwarsa ya kawo awo, ya ji Karimatu na magana, ya ce wannan Hausar ta gabashin Kano ce, 'yar wane gari ce? A Toranke aka ɗaura auren, rabin Kademi suka zo. Suna da ɗiya ɗaya yanzu, Fatsuma.

Ba ta ce Legas ta fi ko'ina ba, ko sau ɗaya ban ji ta faɗa ba. Ƙannenmu da ke gama makaranta sukan tambaye ta wane birni ya fi, sai ta tambaye su me suka iya, wa suke da shi a can, kuma sun taɓa zuwa sun kwana sun tashi a garin ko kuwa. Ɗaya ta ba shi shawarar ya tsaya Kano, ya tsaya, yana nan yana aikin walda a Dakata.

Da babbar sallar bana ta zo gida ta yi sati biyu. Ranar da za su koma na je rakiya. Motar Kano ta cika saura ita kaɗai, direba yana ta ƙwala kira, ita kuwa tana tsaye a gindin darbejiya da wata mata mai goyo da ta tare ta, tana duba wani ƙurji a wuyan jaririn. Abdulmumin ya leƙo ta taga ya ce, "Maman Fatsuma, za a bar mu fa." Ta ce tana zuwa. Ta gama yi wa matar bayanin abin da za ta faɗa a asibiti, ta sa ta maimaita, sannan ta karɓi 'yarta daga hannuna ta shiga mota. Suka ɗauki hanyar Gaya.